Silifan Baba a Kan Gadar Fadama

Allon da ke bakin ƙofar gandun dajinmu yana cewa: "Turbar kurmi da fadama. Mai sauƙi. Awa ɗaya." Ni ce mai sayar da tikiti, tagata tana kallon allon nan kullum, kuma shaida ce ni bai yi ƙarya ba. Na ga tsofaffi masu dogara sanda sun gama ta cikin awa ɗaya. Na ga mace da tsohon ciki ta fito da sauran minti biyar, har tana tambaya ko akwai wata. Mutum ɗaya tak na sani da bai taɓa gama turbar nan cikin awa ɗaya ba, shi ne wanda ya yi ta da hannunsa, wato babana.

Shekara talatin da shida wannan bai dami kowa ba sai Inna, mahaifiyata, da abincinta ke hucewa a kwano. Sai bara babban ofis ya aiko da takarda. Duk mai kula da turba da ya haura sittin, in ji takardar, za a turo sufeto ya bi shi da agogo. In ya kewaye turbarsa cikin lokacin da ke rubuce a allo, ya ci gaba da aiki. In ya gaza, a sallame shi ya je ya huta, ya kuma miƙa makullin gidan ma'aikata. Baba yana da sittin da biyu. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da rumfa a bayan ofis, a ciki aka haife ni, kuma ba mu da wani.

Sau biyu na karanta masa takardar. Yana zaune a rumfa yana wasa adda, ko ɗago kai bai yi ba.

"To, madalla," ya ce. "Ai gara su zo su ga aikin."

"Baba, ba aikin za su zo gani ba. Ƙafarka za su gwada."

"Ƙafata ƙalau take, Uwata."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Abin haushin kuma shi ne gaskiya ya faɗa. Ba ciwon gwiwa, ba haki, in ya ga dama ni ma sai ya bar ni a baya. Ciwon Baba ɗaya ne: bai iya ganin abu ya wuce ba.

Yana saurayi ya zo gandun nan a matsayin lebura. A lokacin babu turba. Kurmi ne mai duhu, bayansa fadama shimfiɗe, ciyawa ta fi mutum tsayi, bado ya rufe ruwa. Masu zuwa kallon tsuntsaye sai sun naɗe wando har cinya, su koma gida da matsattsaku a ƙwauri. Da aka ce a yi hanya, leburori takwas aka ɗauka, bakwai suka gudu kafin damina ta fita. Shi ya tsaya. Ya share hanya cikin kurmin yana kewaye manyan saiwoyi maimakon ya sare su, ya ajiye benci a duk inda ya ga numfashin tsoho zai ƙare. Sannan ya ɗebo katako a ka, ɗaya bayan ɗaya, ya kafa turaku cikin laka, ya shimfiɗa gadar da ta ratsa fadamar daga wannan baki zuwa wancan, taku ɗari huɗu da wani abu. Daga ƙarshen gadar zuwa ƙofa tafiyar minti shida ce.

Bai yi makaranta ba, amma yana da ma'auninsa. A wurinsa turba mai sauƙi ita ce wadda mace mai goyo, sanye da silifa, za ta bi ta fito ba ta yi tuntuɓe ba, gefen zaninta bai jiƙe ba. Saboda haka shi ma silifa yake sawa, irin mai arhar nan da ya siɗe har kana iya hango rana ta cikinsa. Duk shekara biyu ofis yana raba wa ma'aikata takalmin ruwa na roba mai zuwa gwiwa. Nasa suna jere ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi hayar su.

"Mai wancan takalmin ba ya jin komai," haka yake cewa. "Ƙusa ta ɗago kai, ya taka ya wuce, gobe ta tsaga ƙafar ɗan wani."

Shi kuwa da silifansa, ko kan ƙusa ya ɗago kamar kaurin farce sai ya ji. Da ya ji sai ya durƙusa, ya zaro 'yar guduma daga aljihu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yana miƙewa zai hango reshe ya sauko daidai idon mutum. Yana gama da reshen zai ga wasu baƙi suna ta leƙen hagu suna neman zalɓe alhali zalɓen yana dama, to dole ya je ya juya su. Ma'aikata ba sa kiransa da komai sai Baba Tsaya Tukuna, don ita ce kalmarsa. Inna ta ce ranar da za ta haife ni an aika a kira shi daga tsakiyar gada, ya iso an riga an yi mini wanka an naɗe ni, yana ta ba da haƙuri wai wani katako ne ya ɗago.

Mako uku aka ba mu kafin zuwan sufeto. Na ce to, mu gwada. Na riƙe wayata ina duba lokaci, muka shiga da sassafe. Awa biyu da minti goma. Na ƙirga da bakina: ƙusa goma sha ɗaya, reshe biyu, kunkuru guda da ya tsallakar da shi hanya kamar wani surukinsa, da wasu ango da amarya da ya tsaya nuna wa sheƙar agwagwar ruwa.

Washegari na ƙwace gudumar. Ya tsinci dutse.

Rana ta uku na zo da dabara. Na ce ya kwashe kwana huɗu yana gyara komai, ya buga duk ƙusar da ke gadar nan, don ranar gwaji ya zama babu abin tsayawa. Ya ji daɗin wannan shawara ƙwarai, ya yi kwana huɗun yana ƙwanƙwasa har balbelu suka ƙaurace wa wurin. Bayan kwana huɗun muka sake gwadawa, awa ɗaya da minti hamsin.

"Baba! Jiya-jiya ka buga wannan!"

"Katako yana shan raɓa ya kumbura, rana ta fito ya saki. Kullum sai wata ta ɗago. Ke kina tsammanin me nake yi a nan shekara talatin da shida?"

Kaina ya ɗau zafi, na wuce wurin manaja. Mutumin kirki ne, yana son Baba, amma yana tsoron babban ofis fiye da yadda yake son kowa. Na ce masa fenti kawai za a sayo, a goge "ɗaya" a rubuta "biyu". Ya cire tabarau ya murje ido.

"Mai tikiti, awa ɗayan nan tana cikin takardunsu tun kafin a kawo ni. Kuma in na rubuta awa biyu, wace tsohuwa ce za ta yarda ta shiga? Ki lallaɓa shi dai. Rana ɗaya ce tak. Ya rufe ido ya wuce."

In lallaɓa shi! Na roƙa, na yi fushi, na yi masa lissafin shekarun da ya ba wurin nan, na tambaye shi inda za mu kai gadon Inna da kajinta. Duk ta bayan kunnensa take bi. Sai ya ce, "Haka ne, Uwata, kin yi gaskiya," gobe mu shiga, ya ji ƙusa, ya durƙusa.

Inna ce ta warware. Ina zaune ina cika ina batsewa, tana tankaɗe, ta ce, "Ke ma dai. Shekara nawa kina tare da mutumin nan? Da tafin ƙafa yake gani. Toshe masa ƙafar."

Muka jawo takalmin roba ɗaya daga ƙarƙashin gado, muka kakkaɓe gizo-gizon, na haɗa da safa biyu masu kauri. Baba ya kalle su kamar an ajiye masa mushe, ya ce shi kam a'a. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa roƙonka komai a kan turbar nan ba. Amma a shekarun nan nawa ba na son in ɗaure kaya."

Baba ya dubi takalmin, ya dubi Inna. Sannan ya miƙa ƙafa.

Da takalmin roba, ba guduma, minti hamsin da huɗu muka yi. Na yi tsalle a bakin ƙofa har mai gadi yana dariya. Baba ya fito fuskarsa a yamutse, ya zauna a benci ya tuɓe su, ya ce ji ya yi kamar an ɗaure masa ido an ja shi da igiya. Na ce ko a buhu za a saka shi, in dai zai fito cikin awa ɗaya, ni ya yi mini.

Sufeton ya zo ranar Talata da safe. Ban samu abin ƙi a jikinsa ba, kuma na nema. Ya gaida Baba da hannu biyu, ya yi bayani a natse: zai danna agogo a ƙofa, ya sake dannawa in mun dawo ƙofa, shi ke nan. Na bar wa mai gadi tagar tikiti na bi su, gudumar tana cikin jakata don kada a samu tsautsayi. Kafin mu shiga na riga na yanka wa wata ƙungiyar mata tikiti, su ashirin da wani abu, da yara da goyo. Mun bar su a gindin allo suna ta ɗaukar hoto.

Cikin kurmin Baba ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya yi tafiya. Inuwa ta rufe mu, ganye yana ƙara ƙarƙashin takalmi, tsuntsaye suna ta hayaniya a kan ɓaure, bai ce wa sufeto ga sunan ko ɗaya ba. Wani reshe ya leƙo hanya, na ga hannunsa ya tashi, na yi gyaran murya, hannun ya koma. Wani ya yar da leda kusa da benci na huɗu, na riga Baba duƙawa. Muka fito daga duhun itatuwa, fadama ta buɗe a gabanmu, iska mai sanyi ta taso daga ruwa. Na saci kallon agogon sufeto, minti arba'in da uku. A raina har na fara tunanin abin da zan ce wa Inna.

Mun kai tsakiyar gada, inda ruwan ya fi zurfi, sufeto yana gaba, sai na ji abin da nake tsoro.

"Tsaya tukuna."

Na juya, na ga Baba ya tsaya cak.

"Yallaɓai, ɗan koma baya ka sake takawa."

Sufeto ya koma ya taka. Ni dai ƙarar katako na ji, irin ta kullum. Baba ya karkata kai, ya ce a sake. Aka sake.

"Ba na saman ba ne," ya ce. "Turken da ke ƙasa ne ya tafi."

Mun toshe ƙafa, mun manta da kunne. Na sha gabansa, na yi ƙasa da murya yadda zan iya.

"Baba, saura minti goma sha biyu. Ka ƙarasa gadar, ka je ka taɓa ƙofa, ka dawo ka kwana a nan in ka so. Ni zan tsaya, ba wanda zai taka wurin."

"Ke za ki tare mata ashirin da 'ya'yansu? Yaro ya zille ta ƙarƙashin hannunki fa?"

"Zan tare su tun daga bakin gada!"

"Su tsaya a rana da goyo? Ko su juya su sake bin kurmin? Ce musu aka yi mai sauƙi ce."

"Baba, ko benci na uku ba su kai ba! Hoto suke ɗauka! Wallahi za ka je ka dawo ba su iso ba!"

Sufeto ma ya sa baki. "Baba, shawarar 'yarka ta yi. Ni lokaci kawai aka ce in rubuta. Mu ƙarasa, in dawo tare da kai in taya ka."

"Na gode, yallaɓai. Amma ba a jin wannan ƙarar a juya mata baya."

Yana faɗa yana zaune a bakin katako yana zare takalmin. Ya miƙo mini su, da safa biyun, kamar ni na aike shi. Ya zura ƙafa cikin ruwa, ya sauka har ƙirji, bado ya dare. Ya lalubo da ƙafa, ya lalubo da hannu, ya kwance wani sabon turke da ke ɗaure ƙarƙashin gadar. Ashe duk taku hamsin yana da irinsa a ɓoye, ni da nake 'yarsa ban sani ba.

"Uwata, gudumar tana jakarki. Na ga lokacin da kika ɗauka."

Na tsaya ina kallonsa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Da zan iya da na jefa gudumar nan tsakiyar fadama. Na tuna gadon Inna, na tuna rumfar da na koyi tafiya a cikinta, hawayen baƙin ciki suka zubo mini, na zaro ta na miƙa masa.

Sufeto ya ajiye takardunsa, ya durƙusa, ya ɗaga masa katakon sama. Hannun rigarsa ya jiƙe har gwiwar hannu. Suna cikin haka agogon ya yi ƙara a wuyan hannunsa, ɗit-ɗit, ɗit-ɗit. Awa ta cika. Sufeto ya kalle ni, na kau da kai. Baba cewa ya yi kawai, "Riƙe da kyau, yallaɓai, saura kaɗan."

Da ya zaro tsohon turken ya ɗora a kan gada, sai ya danna shi da babban yatsa, ya marmashe kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya yi gaskiya ke nan, kuma wannan ya ƙara mini haushi. Amma ni ma na yi gaskiya, ina so a rubuta wannan a wani wuri: matan nan sai da muka gama, muka tattara, sannan muka jiyo muryoyinsu daga bakin kurmi. Da ya je ya dawo sau biyu. Suka bi ta kan wurin suna hira, yara suna tsalle, ba wadda ta san an yi wani abu. Ɗaya ma da ta fito ta zo tagata ta yi ƙorafi wai an ɓata tsakiyar gada da laka, ya kamata a riƙa kula.

Awa ɗaya da minti talatin da takwas sufeto ya rubuta a cikin ɗan akwatin da ke saman takardar. A ƙasa ya cika shafi guda da bayani, ya karanta mana da bakinsa. Manaja ma ya ƙara nasa. Amma a babban ofis akwatin ake dubawa. Bayan mako uku takardar sallama ta iso, da godiya mai yawa a cikinta.

Muka koma wasu ɗakuna biyu a gefen gari, bayan wani garejin gyaran mota. Inna ta ɗaure kayanta da kanta, ta raba kajin ga maƙwabta, ba ta ce masa komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Ni kwana tara ban yi masa magana ba in ban da gaisuwa. Ina son babana, ban san wani mutum da nake girmamawa kamarsa ba, kuma har yau in na tuna minti goma sha biyun nan sai in ji kamar in fasa ihu. Shi kuwa ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon makanikai, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba, sai na ga sun yi masa girma.

An kawo sabon mai kula da turba, ba ruwansa, yana gama ta cikin minti arba'in.

Wata guda bayan haka, da safe, layi ya ɗan taru a tagata, ina yanka tikiti ban ɗago kai ba. Sai wani hannu ya shigo ta ƙarƙashin gilashi. Ko cikin hannu dubu zan gane shi.

"Tikiti ɗaya, na babba."

"Baba! Me kake yi a layi? Wuce mana, wa zai hana ka?"

"A'a. Ni baƙo ne yanzu. Ba ni tikitina kamar kowa."

Mutane suna jira a bayansa, ba halin musu. Na yage na ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya ɗan sunkuyo kusa da gilashin.

"Uwata, baƙo ma ana bin sa da agogo?"

Da ƙyar na ce, "A'a, Baba. Ƙarfe shida dai muke rufewa."

Ya gyaɗa kai, ya shiga. Ƙarfe tara ne a lokacin.

Azahar ta yi, la'asar ta wuce, waɗanda suka shiga bayansa duk suka fito suka tafi. Shida saura minti biyar mai gadi ya zo da kwaɗo a hannu, ya leƙo tagata.

"Mai tikiti, kowa ya fito? In rufe?"

"Saura mutum ɗaya."

"In shiga in hanzarta shi?"

"Kada ka soma," na ce. Na rufe tagar, na jawo kujerata zuwa bakin ƙofa, na zauna ina kallon hanya.